Maman Injiniya da Kifin Katantanwa

A ƙarƙashin otal ɗin da ke kallon tashar jirgin ƙasa akwai wani dogon ɗaki marar taga, inda ake wanki da gugar zannuwan gado. A nan Maman Injiniya ta cinye ƙuruciyarta. Ta kama aikin tana da jariri a hannu, har furfura ta fito mata tana tsaye a gaban teburi ɗaya, kusa da bututun da ke huci. Hannunta na dama duk tabon ƙuna ne ƙanana-ƙanana. In an ɗauki sababbin 'yan mata takan miƙa musu shi ta ce su duba da kyau, shi ne takardar shaidarta. Ba ta taɓa kwana a ɗakin otal ba, amma daga zanin gado takan gane baƙon da ya yi barci da wanda ya kwana yana juyi.

Mijinta makanikin motocin bas ne. Ciwon ƙirji ya ɗauke shi yaran suna ƙanana, ya bar mata mace da namiji, da ɗaki biyu da falo na haya a hawa na uku na wani tsohon bene. Macen ce babba. Ta tashi da nutsuwa, ta yi karatu ba a ce mata yi ba, ta zama malamar makaranta, ta yi aure a wani gari mai nisan yini a mota. Malama kowa ke ce mata, har uwar. Namijin kuwa tun bai iya ɗaure takalmi ba yake kwance rediyo don ya ga mai maganar da ke ciki. Maƙwabta suka sa masa Injiniya da zolaya, sunan ya bi shi, ya bi uwarsa, har nata na asali ya ɓace a benen.

Ya shiga kwalejin fasaha, yana shekarar ƙarshe ciwon ya same shi. Da fari barci ne ya ƙaurace masa. Daga nan ya fara cewa wayoyin lantarkin da ke cikin bango suna kiran sunansa. Abokansa biyu suka rako shi gida da jakarsa, suka gaishe ta kansu a ƙasa, suka tafi ba su sha ko ruwa ba. Likita ya faɗi sunan ciwon, ita ba ta riƙe shi ba, ta dai riƙe cewa ƙwaya ce safe da yamma, kuma babu ranar dainawa. Ƙwayar ta kashe muryoyin, ta kuma kashe sauran abin da ke cikinsa. Ya zama sai zama a bakin gado, yana kallon tafin hannunsa. In ta ce ya ci, ya ci. In ta ce ya yi wanka, ya yi. Shekaru suka wuce a haka. Matan benen suka koma gaishe ta da murya ƙasa-ƙasa, wasu suka daina kiran ta Maman Injiniya don kada su fama mata ciwo, ita kuwa rashin kiran ne ya fi yi mata zafi.

Wata rana suna dawowa daga asibiti ruwan sama ya tsare su, suka fake a rumfar wani shago da ake sayar da kifin ado. Mai shagon wani dattijo ne mai tsohuwar farar hula, ana ce masa Kyaftin don ya taɓa aiki a jirgin ruwa, ko da yake masu tsegumi sun ce dankali kawai ya feraya a kicin ɗin jirgin. Ya ce su shigo daga ciki. Akwatunan gilashi jere, kifaye ja da ɗorawa suna kai da kawowa, amma Injiniya ya wuce su duka ya tsaya a gaban wani tanki a lungu wanda babu komai a cikinsa sai farin yashi da bawon katantanwa barbaje. Uwar ta leƙa, ta tambayi Kyaftin ko yanzu har yashi da katantanwa ake sayar wa mutane a cikin ruwa. Ya yi dariya ya ce kifi na ganinka mai jar koma, su dai tsaya shiru kada su motsa.

Suka tsaya. Can sai ga wani ɗan kai ya leƙo daga bakin wata katantanwa, sai wani, sai wani. Kifaye ne da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, jikinsu zane-zane, idonsu da ɗan shuɗi. Kowane ya tsaya a ƙofar tasa katantanwar kamar mai jiran baƙo. Ɗaya ya cika baki da yashi ya je ya tofar a ƙofar maƙwabcinsa. Kyaftin ya ce daga wani tafki mai zurfi a wata ƙasa ake kawo irinsu, a cikin bawon nan suke kwana, a ciki suke yin ƙwai, a ciki suke renon 'ya'yansu.

"Mama, waccan tana da 'ya'ya a ciki," in ji Injiniya. "Dubi yadda take yi musu fifita da fiffikenta."

Rabon da ta ji magana mai tsawon haka daga bakinsa har ta manta. Ba ta kalli kifin ba, shi ta kalla.

Shi ya haɗa tankin da hannunsa. Ta roƙi gilashin wani teburi da ya tsage a otal, ta ɗauko shi a bas naɗe cikin tsohon bargo, mai yankan gilashi na bakin titi ya yanka, Injiniya ya manne shi a falo da harshe a waje kamar lokacin da yake yaro. Ya wanke yashi har ruwan ya daina yin fari. Ya ƙi yarda a sa kifi sai da tankin ya yi makonni famfon iska yana aiki a banza, ya ce sai ruwan ya nuna, ita kuwa ta ce ba ta taɓa jin ruwa yana nuna ba sai a gidanta. Daga baya suka kawo kifayen daga wurin Kyaftin, kowane a cikin katantanwarsa, suka ajiye tankin a ɗakin Injiniya kusa da taga.

Namijin da ya fi girma suka sa masa Saje, don kullum yana sintiri. Macen da ta kama babbar katantanwar tsakiya suka sa mata Uwargida. Maman Injiniya in ta dawo daga aiki, ƙafafunta a kumbure, takan ja kujera ta zauna ta ce waɗannan ba su da maraba da mutanen benen nan, kowa ya share ƙofarsa ya tura wa na kusa da shi. Injiniya ya yi dariya. Ta shiga kicin ta kunna famfo don kada ya ji kukanta.

Da Uwargida ta yi 'ya'yan fari, ya kira uwar ta gani, ta duba ta duba ba ta ga komai ba sai da ta sa tabarau. Wasu 'yan abubuwa ne kamar gashin ido, kowane da ɗigon baƙi biyu, suna tsalle-tsalle a bakin bawon, in inuwa ta gifta su koma ciki fit. Ba su yi kwana nawa ba matatar ruwa ta zuƙe fiye da rabinsu. Ya buɗe ta ya same su manne a jikin audugar ciki. Ya zauna a ƙasa, ita tana tsaye a bakin ƙofa tana jiran ya koma gidan jiya. Sai ya miƙe ya tambaye ta ko tana da sabon soso wanda bai taɓa sabulu ba. Ya yanke shi ya toshe bakin matatar. Daga nan ba a sake yin wannan asarar ba.

Abincin jariran shi ne babban aiki. Bakinsu bai isa ya ɗauki garin da manya ke ci ba, kuma sun fi son abin da ke motsi. Kyaftin ya ba shi ƙwan wani ƙanƙanin jatan lande, abu kamar ƙasa-ƙasa a gwangwani. Ana zuba shi a gorar ruwan gishiri, a sa tiyon iska yana ta ɓulɓula, washegari ya ƙyanƙyashe ya zama jan hayaƙi mai rai a cikin ruwan. Sai a tace a ɗauraye, a zuƙa a sirinji marar allura, a saka hannu a hankali a fesa daidai ƙofar kowace katantanwa. Cikin jariran yakan yi ja ya kumbura, ta haka ake gane sun ƙoshi. Gorori suka cika mata kicin, gishirinta ya riƙa ƙarewa ba ta san ya ƙare ba, ta riƙa mita, shi kuma ya san mitar ta baka ce. Abin da ya fi burge shi shi ne yadda 'ya'yan fari ba sa cin ƙannensu in an yi sababbi, sai dai a zauna tare, manya a waje ƙanana a ciki.

Ya fara fita shi kaɗai. Yakan je shagon Kyaftin ya gyara masa famfunan iska da suka mutu. Ya aske gemu. Uwar ta fara kallon 'yar mai gyaran takalmi ta hawa na biyu da wani ido, har ta tsegunta wa Malama a waya. Malama ta ce a bi a hankali, a tabbatar dai yana shan maganinsa.

Maganin kuwa yana sa masa rawar hannu, kuma yana danne shi da barci har rana ta take. In ya saka sirinji a ruwa hannun ya kama karkarwa, yashi ya tashi, jarirai su gudu, abinci ya watse inda ba za su kai ba. Ya sha yin ƙorafi cewa abincin safe yana wuce su. Daga baya ya daina ƙorafin. Ta lura yana riga ta tashi, ta lura hannunsa ya tsaya cak, ta lura kwalin ƙwayoyin ba ya raguwa yadda ya saba. Ta buɗe baki za ta yi magana ya fi a ƙirga, sai ta gan shi durƙushe gaban tankin yana waƙa ƙasa-ƙasa, fuskarsa irin ta ubansa, ta ce a ranta gobe. Ɗanta ne ya dawo bayan shekaru, ba ta da ƙarfin da za ta kore shi da hannunta.

Ba a rufa wata biyu ba ya fara cewa ƙarar famfon iska ta sauya, akwai magana a cikinta. Ya naɗe shi da tawul. Ya rufe tagar da bargo. Ran nan tana tsakar guga da hantsi shugaban ma'aikata ya sauko da kansa ya ce ana neman ta a gida. Ta tarar da taro a mararrabar da ke gaban benensu, motoci sun tsaya suna ta oda. Injiniya na tsaye a tsakiyar titi ba takalmi, rungume da bokitin wankinta, ya kwashe katantanwar duka ya zuba a ciki da ɗan ruwa. Yana roƙon direbobi da ladabi su kashe injin, akwai jarirai suna barci, gidansu ba lafiya, zai kai su inda ba waya. Wasu na dariya, wasu na ɗaukar hoto. Ta ratsa ta je ta tsaya a gabansa ta miƙa hannu biyu. Ya daɗe yana kallon ta kafin ya gane ta, sannan ya sakar mata bokitin.

"Kada ki girgiza su, Mama. Kuma ba su ci na safe ba."

Aka kai shi asibitin masu irin ciwonsa, can bayan gari inda bas ke juyawa. Likitan ya ce wannan karon zai jima.

Ta dawo gida da la'asar da bokitin da ta bari wurin maƙwabciya. Ta mayar da katantanwar ɗaya bayan ɗaya, ba ta san wacce ce ta wa ba. Kifayen suka yi kwanaki suna faɗa kan gidaje, suna tono, suna binne wannan suna tone wancan, kafin kowa ya san matsayinsa. Jariran da ke ciki a lokacin babu wanda ya rayu. Ta yi niyyar kiran Kyaftin ya kwashe kayan gaba ɗaya, don ko kallon tankin ba ta son yi. Amma ranar ziyara ta farko, Injiniya yana zaune a bencin baranda cikin rigar asibiti, leɓensa a bushe, bai tambaye ta lafiyarta ba, bai tambayi yayarsa ba, ya tambayi Uwargida. Ta ce tana nan lafiya. A hanyar dawowa ta sauka a shagon Kyaftin ta ce ya koya mata.

Ta sha wuya kafin ta iya. Gorar farko gishiri ya yi yawa, ba abin da ya ƙyanƙyashe. Ta biyu ta bar ta ta kwana biyu ta yi wari. Sau ɗaya ta ƙara musu ruwa kai tsaye daga famfo, ba ta bari ya kwana a bokiti maganin da ke ciki ya fita ba, ta wayi gari matasa uku sun juya ciki sama. Kyaftin bai yi mata faɗa ba, ya ce duk mai kiwon kifi yana da maƙabarta, tasa ta fi ta kowa girma. Ya nuna mata yadda ake zuƙe ƙazanta da siririn tiyo ba tare da an taɓa bakin bawo ba, da yadda ake canza ruwa kaɗan-kaɗan, don jarirai ba sa son a sauya musu duniya lokaci guda. Hannun da ya saba bin bakin kwala da dutsen guga bai sha wahalar riƙe sirinji ba. Ta koma tashi da wuri ta ciyar da su kafin ta kama bas, in ta dawo ta sake, tun ba ta cire takalmi ba. Wata ranar hutu da zafi ya tsananta aka ɗauke wuta tun safe, famfon iska ya tsaya, ta ga kifayen sun taso sama suna haki. Ta yini tana ɗibar ruwan da kofi tana tsiyayar da shi daga sama, kafaɗarta kamar za ta cire, har wutar ta dawo.

Uwargida ta sake yin 'ya'ya, wasu matan ma suka fara. Labarinsu ya zama guzurinta na ranar ziyara. Takan ba shi labarin wacce ta ƙwace gidan wacce, da yadda Saje ya ciji yatsarta, ƙaramin abu da ƙarfin hali. Da fari yakan yi tambaya, har ya gyara mata. Da aka canza masa magani tambayoyin suka ragu. Ya yi ƙiba, fuskarsa ta yi sumul kamar an goge ta. Ita dai ta ci gaba da bayarwa, don in ta yi shiru babu wata magana a tsakaninsu sai ta abinci da sanyi. Shekara ta zagayo. Wata safiya ta sami Uwargida kwance a ƙofar katantanwarta, launinta ya koɗe, jikokinta na wucewa ta kanta. Ta yi ta shawara da zuciyarta a bas ko ta faɗa masa ko ta ɓoye, tana tsoron abin da labarin zai tayar. Da ta faɗa, sai ya ce to, ya tambaye ta ko ta zo masa da sabulu. Wannan "to" ɗin ya bi ta har gida.

A hutun makaranta Malama ta zo. Ta ga yadda uwar ke hawa bene tana hutawa a kowane hawa, ta ga gorori a kicin, ta ga bokitai jere a bayi. Ta kwana biyu tana haɗiye magana, a na uku ta fito da ita. Ta ce gwiwoyin nan ba za su ƙara shekara a gaban teburin guga ba, ta ajiye aikin ta koma wurinsu, akwai ɗaki, akwai asibiti a can ma da za a iya mayar da ƙaninta. Uwar ta ce to kifayen fa, ba za su jure tafiyar yini ba. Malama ta ajiye kofin da ke hannunta a hankali.

"Mama, kin san kifin da ya yi ƙwai jiya, amma ba ki san ajin da jikarki take ba. Na haihu sau biyu, ba ki yi mako a ɗakina ba. Ban taɓa cewa komai ba, don na san shi ne marar lafiya. Amma ni ma ke kika haife ni."

Maman Injiniya ta so ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai ta ga ai wannan ma ɗakinta ne, ya daɗe yana yoyo ba ta ɗaga kai ba. Ta ce dai a bari ya fito tukuna. Malama ta share ido, ta tashi ta wanke mata bokitan duka, washegari ta koma.

Da aka sallame shi, uwar ta goge gilashin tankin ciki da waje, ta canza masa zanin gado da wanda ta goge da hannunta. Ya shigo a hankali, yana jan ƙafa. Ya tsaya gaban tankin, wanda yanzu ya cika da kifaye manya da ƙanana, babu katantanwar da ba mai ita. Ya ce sun yi yawa, sannu da ƙoƙari. Ya kwanta ya juya musu baya. Ta ce a ranta gajiyar hanya ce. Ta riƙa barin sirinjin a inda zai gani, ta riƙa yin kamar ta manta na yamma. Bai taɓa ba. Ta lura ma ya koma yini a falo, in zai shiga ɗakin sai ya kawar da kai.

Wata ranar hutunta da rana suna zaune, tana tsince shinkafa, ya ce yana son a fitar da tankin. Ta ce sai a mayar da shi ɗakinta. Ya ce ko daga can yana jin ƙarar famfon ta bango. Ta tambaye shi ko muryoyin ne suka dawo, ya girgiza kai. Ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa, suna rawa, dukansu biyu suna kallon su.

"Ba su yi mini komai ba, Mama. Kaina nake tsoro. Jiya na ga jarirai a bawon da ke lungu, na ji ina so in ba su abinci da kaina. Na san inda wannan son yake kai ni. Ba na so in koma can."

Ta ci gaba da tsintar shinkafar ba ta ganin tsakuwar. Duk tsawon jinyarsa ta ɗauka ajiya take yi masa, ranar da ya dawo za ta miƙa masa abinsa ya ɗora daga inda ya tsaya. Kuma sai a lokacin ta gane cewa ita ma ta saba. Ta saba a taso mata in ta buɗe ƙofa, ta saba da jajayen cikunan nan da safe. Ta ce masa ya yi gaskiya, kuma ya yi hankali da ya faɗa.

Kyaftin ya zo da bokitai masu murfi. Ya ce irin wannan kifin ba a kama shi da raga, da ya ga hannu zai faɗa gidansa, sai a ɗauke shi da gidan. Haka suka yi. Ita ke ɗagowa, bakin bawon yana sama don kada ruwan ciki ya zube, shi yana karɓa yana jerawa. Masu jarirai ta ware su a bokiti dabam, ta ce ita za ta riƙe wannan. Injiniya ya fita baranda tun da aka fara, bai shigo ba sai da aka kashe famfon. Gidan ya yi tsit, irin shirun da ta manta akwai shi. Ta sauka benen da bokitin a ƙirji, tana tsayawa a kowane hawa, ta raka su har shago, ta tsaya sai da ta ga sun fara leƙowa a sabon wuri. Kyaftin ya ce ƙofarsa a buɗe take duk lokacin da ta so ganin su. Ta je sau biyu ko uku. Kowane zuwa sai ta tarar an saye wasu, ta kasa gane waɗanda suka rage, sai ta daina.

Gwiwar ce ta yanke mata hukuncin aiki kafin shekara ta ƙare. 'Yan matan ɗakin wanki suka haɗa mata ɗan shayi a kan teburin guga, shugaban ma'aikata ya yi jawabi ya kira sunanta ba daidai ba, aka yi dariya, ita ma ta yi. Injiniya bai sake barin magani ba. Bai koma kwaleji ba, 'yar mai gyaran takalmi kuma ta auri wani direba. Maƙwabta sukan kawo masa fanka ko tukunyar lantarki da ta lalace, ya yi kwanaki a kan abin da dā zai gama kafin shayi ya huce, amma yakan gyara.

Ba ta koma garin Malama da zama ba, sai dai ta yarda ta je ta yi makonni, karo na farko da ta bar shi shi kaɗai. Ta damƙa wa maƙwabciya amanar ganin ya sha ƙwayarsa, ta cika firji, ta yi ta jan ƙafa a bakin ƙofa har sai da ya ce mota za ta tafi ta bar ta. A can jikokin suka yi mata baƙunta kwana biyu, suna leƙen ta daga bayan labule. Ta kira shi da yamma, ya ce lafiya lau, ya dafa taliya ta kama, ya jiƙa tukunyar, kada ta damu. Ta ce ya sa mata toka ko garin sabulu ya bar ta ta kwana. Ya ce to, ya tambayi yayarsa, ya ce a gaishe da yaran.

Ta ajiye wayar ta zauna a bakin gadon da aka gyara mata, a ɗakin da ba ta san inda makunnin fitilarsa yake ba. Ƙaramar jikar ta shigo da rigar makaranta a hannu, duk ta yamutse, ta tsaya nesa kaɗan ta ce mamanta ta ce wai Kaka ta fi kowa iya guga. Maman Injiniya ta karɓi rigar ta juya ta, ta duba kwalar, ta ce a nuna mata inda dutsen yake, sannan ta tambayi yarinyar aji nawa take.